Yadda Ake Nazarin Zamanin Kafin Rubutu da Tambayoyi Biyar na Labarin Ƙasa

Rubutu mafi tsufa da aka sani ya bayyana ne a ƙasar Iraƙi ta yau kimanin shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma duk abin da mutane suka yi kafin wannan lokaci babu wanda ya rubuta shi. Babu kundin sarauta, babu wasiƙa, babu sunan kowa. Abin da ya rage shi ne ƙashi, da dutsen da aka sassaƙa, da toka, da gawayi, da tsingaro, da kuma wurin da aka sami kowannensu kwance. Wannan na ƙarshen shi ne ɗalibai suka fi yin sakaci da shi, alhali a ganina shi ne mabuɗin darasin gaba ɗaya. Wanda ya haddace sunaye da shekaru bai san ƙasar da abin ya faru a cikinta ba, da wuya haddar ta yi masa mako biyu bayan jarrabawa.

A shekarar 1984 wasu ƙungiyoyi biyu na malamai da masanan labarin ƙasa a Amurka suka tsara jigogi biyar domin koyar da fannin: matsayin wuri a doron ƙasa, da siffar wurin, da hulɗar mutum da muhallinsa, da zirga-zirgar mutane da kaya, da kuma yanki. An tsara su ne domin yaran makaranta, amma idan aka mayar da su tambayoyi aka yi wa kowane wurin tarihi, sai su zama hanya mai kyau ta fahimtar zamanin da ba shi da marubuci. Ga yadda za ka bi, ko kai malami ne mai shirya darasi, ko mai karatu don ƙarin sani.

Mataki na farko: ka auna tsawon zamanin da igiya

Kafin ka buɗe taswira, ka nemi igiya mai tsawon mita 36, ka ƙaddara cewa kowace mita ɗaya shekara 100,000 ce, kuma ƙarshen igiyar da ke hannunka shi ne yau. Can ɗaya ƙarshen, a mita 36, nan ne sawun ƙafafun da aka gano a Laetoli ta ƙasar Tanzaniya, masu shekara kimanin miliyan 3.6. Ka yi ƙulli a mita 33, wurin kayan aikin dutse mafi tsufa da aka samu a Lomekwi, yamma da tafkin Turkana na Kenya. Ka yi wani a mita 32 domin ƙasusuwan wata halitta mai tafiya da ƙafa biyu da ake kira Lusi, waɗanda Donald Johanson ya gano a Hadar ta ƙasar Habasha a 1974. A mita 18 ka sa alamar Dmanisi ta ƙasar Jojiya, inda aka sami ƙasusuwan masu kama da mutum na farko-farko a wajen Afirka, a mita 10 kuma alamar toka da ƙonannen ƙashi na kogon Wonderwerk a Afirka ta Kudu. Sai ka yi ta jawo igiyar har saura mita 3 kacal kafin ka iso Jabal Irhud ta Maroko, inda aka sami ƙasusuwa masu shekara kimanin 300,000 waɗanda masana suka danganta su da jinsinmu. Noma yana a santimita 11 ko 12 daga hannunka, rubutu kuwa a santimita 5, abin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Idan a makaranta ne, ka shimfiɗa igiyar a fili, ka sa yara su taka daga wancan ƙarshe zuwa wannan. Amfanin aikin shi ne ya hana kuskuren da aka fi yi, wato a tara duk waɗannan abubuwa a kai kamar a zamani ɗaya suka faru, a haɗa mai sassaƙa dutse na shekara miliyan biyu da manomin shekara dubu takwas a kira su duka mutanen kogo.

Mataki na biyu: ka zaɓi wuri ɗaya, ka tambayi inda yake

Kada ka ɗauki duniya gaba ɗaya. Ka zaɓi wuri guda ka ƙure shi da tambayoyi, sannan ka kwatanta shi da wasu. A nan za mu riƙe Gobero, wata tsohuwar maƙabarta da ke hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar, wadda ayarin Paul Sereno ya yi kiciɓis da ita a shekarar 2000 sa'ad da suke neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare tun kafin mutum.

Matsayin wuri iri biyu ne. Akwai na lissafi, wanda ake faɗa da digiri a kan layukan taswira: Gobero tana wajen digiri 17 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Kano tana digiri 12, kuma kowane digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne, saboda haka da wannan kaɗai za ka iya ƙiyasta yawan arewar da ke tsakaninsu. Akwai kuma matsayi na dangantaka, wato me wurin yake kusa da shi: Gobero tana gabas da Agadas, kudu maso gabas da duwatsun Azbin, cikin babban kwarin da ya gangara wajen tafkin Chadi. Na biyun ya fi amfani ga mai nazarin tarihi, domin shi ne yake nuna inda ruwa yake fitowa, da inda ake samun dutsen aiki, da hanyar da mutum zai bi idan zama ya gagara.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata ka lura da shi. Inda aka sami ƙashi ba lalle ne nan kaɗai aka zauna ba. Gabashin Afirka ya yi suna a wannan fanni ne saboda duwatsu masu aman wuta sun riƙa binne ƙasusuwa da toka, daga baya kuma ƙasa ta tsage, ruwa ya zaizaye ta, aka sami kwazazzabai irin na Olduvai da suka tona abin da ke binne. A dazuzzukan yammacin Afirka masu yawan ruwa kuwa, ƙasa tana cinye ƙashi cikin ɗan lokaci. Lokacin da ayarin Michel Brunet ya gano ƙoƙon kan da ake kira Tumai a hamadar Jurab ta ƙasar Chadi a 2001, mai shekara kimanin miliyan 7, ya zama dole masana su sake duban taswirarsu, domin wurin yana da nisa ƙwarai daga gabashin Afirka. Don haka duk sa'ad da ka ga ɗigo-ɗigo a taswirar wuraren tarihi, ka tuna cewa tana nuna inda ƙasa ta adana da inda aka je aka duba ne.

Mataki na uku: ka gano siffar wurin a wancan zamani

Nan ne aikin ya fi daɗi, nan ne kuma ya fi buƙatar haƙuri. Wanda ya tsaya a Gobero yau, rairayi zai gani iyakar ganinsa, babu itace, babu rijiya. Amma abin da ke warwatse a kan rairayin yana ba da wani labari dabam: ƙasusuwan giwan ruwa da tarwaɗa, da haƙoran dorina, da na kada, da ɓawon kififiya, da masu da ƙugiyoyin kamun kifi waɗanda aka sassaƙa da ƙashi. Giwan ruwa ba ya girma a kududdufi, yana buƙatar ruwa mai zurfi wanda ba ya ƙafewa da rani, saboda haka ƙashinsa kaɗai ya isa shaida cewa a nan akwai tafki.

Dalilin haka sananne ne. Juyawar duniya a kan falakinta tana da wata 'yar karkata mai sauyawa a hankali cikin shekaru dubu ashirin da ɗoriya, kuma akwai lokacin da wannan sauyi yake ƙara zafin bazara a arewacin duniya, sai iskar damina ta yi ƙarfi ta kutsa can cikin Sahara. Daga kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, mafi yawan hamadar ciyawa ce da itatuwa da tafkuna. Tafkin Chadi na wancan lokaci ya kai faɗin murabba'in kilomita kimanin 350,000, kuma dogon tudun rairayin nan da ya bi ta Maiduguri zuwa Bama tsohuwar gaɓarsa ce. A Dabus, arewa da Agadas, akwai hoton raƙumin dawa da aka sassaƙa a jikin dutse mai tsawon fiye da mita 5, an fitar da zanen fatarsa dalla-dalla, aikin wanda ya saba ganin dabbar da idonsa.

Abin da za ka yi a wannan mataki shi ne ka rubuta duk wata shaida da aka samu a wurin, a gaban kowacce ka rubuta abin da take buƙata kafin ta kasance: wannan kifi yana son ruwa mai zurfi, wannan dabba tana cin ganyen dogayen itatuwa, wannan ƙurar fure ta ciyawar fadama ce. Idan ka gama, sai ka zana wurin da hannunka bisa waɗannan sharuɗɗa, ko da ba ka iya zane ba.

Mataki na huɗu: ka binciki yadda aka san shekarun

Wannan ba ya cikin jigogi biyar ɗin, amma ba na ganin za a yi nazari na gaskiya ba tare da shi ba, domin mai karatu yana da haƙƙin ya tambayi yadda aka san cewa abu ya shekara dubu takwas ko miliyan uku.

Hanya ta farko mai haƙar rijiya ya san ta: yakan ratsa baƙar ƙasa, ya iske jar ƙasa, ya iske yumɓu ko marmara, kuma wadda take ƙasa ita ta riga kwanciya. Wannan yana nuna abin da ya girmi wani, amma ba ya ba da adadi. Hanya ta biyu ita ce auna sinadarin kabon mai lamba 14, wadda Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940. Duk abu mai rai yana ɗaukar wannan sinadari, idan ya mutu sai ɗaukar ta tsaya, abin da ke jikinsa ya riƙa raguwa, rabinsa yana ƙarewa cikin shekara 5,730. Idan an iske kashi ɗaya cikin huɗu ya rage a gawayi ko ƙashi, to ya shekara kimanin 11,460. Iyakar wannan awo wajen shekara 50,000 ne, kuma ba a yin sa a kan dutse. Abin da ya wuce haka, akan auna tokar dutse mai aman wuta da ke sama da ƙasan ƙashin, ta hanyar sinadarin fotasiyam da ke rikiɗa zuwa iskar argon sannu a hankali. Da ita aka gano cewa ƙoƙon kan da Mary Leakey ta samu a Olduvai a 1959 ya shekara kimanin miliyan 1.75.

Laetoli misali ne mai kyau na yadda ƙasa take adana abu ta kuma ba da shekarunsa. Dutse ya yi aman toka ta rufe fili, yayyafi ya jiƙa ta, wasu halittu masu tafiya da ƙafa biyu suka ratsa, toka ta bushe ta yi tauri, wata tokar ta sake rufe ta. Da ayarin Mary Leakey ya tone wurin a 1978, an ga jerin sawu mai tsawon kimanin mita 27, diddige ya nutse, babban yatsa yana jere da sauran yatsu ba a ware yake kamar na biri ba. Saboda haka duk adadin da ka gani a littafi, ka tambayi wace hanya aka bi, kuma mene ne aka auna.

Mataki na biyar: me ƙasa ta yi wa mutum, me mutum ya yi wa ƙasa

Ka raba wannan tambaya gida uku: da me suka dogara, yaya suka saba da sauyi, kuma me suka canja. A Gobero an tono kaburbura kimanin 200, kuma awo ya nuna zama biyu ne. Na farko daga wajen shekara 7700 zuwa 6200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutane ne dogaye ƙarfafa masu kamun kifi da farauta, ƙasusuwansu sun yi duhu domin tafkin ya taɓa cika ya shanye kaburburan. Sai fari ya zo, wurin ya zama kufai har kimanin shekara dubu. Da ruwa ya dawo, aka sake zama daga wajen 5200 zuwa 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a wannan karon tafkin bai kai na da zurfi ba. A cikin waɗannan kaburbura na baya ne aka sami wata mace da yara biyu an kwantar da su suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe, aka kuma sami wata yarinya da awarwaron haƙorin dorina a dantsenta. Bayan haka ruwa ya ɗauke gaba ɗaya, babu wanda ya sake zama.

Game da dabara kuwa, ka dubi kwale-kwalen Dufuna. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da kogin Komadugu Gana, a jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da wani katako a zurfin kimanin mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, ashe jirgi ne da aka fafe daga gungumen itace guda, tsawonsa ya ɗara mita 8, shekarunsa kimanin 8,000, shi ne jirgi mafi tsufa da aka sani a Afirka. A lokacin babu ƙarfe, amma goshinsa da bayansa an fiƙe su da kyau, abin da ke nuna sana'ar ta daɗe kafin a kai ga wannan gwaninta.

Babban sauyin da mutum ya yi wa ƙasa shi ne noma da kiwo, kuma ba a wuri ɗaya aka fara ba. Alkama da sha'ir an fara noma su a Gabas ta Tsakiya kimanin shekara 11,500 da suka wuce, shinkafa a kwarin kogin Yangtze na ƙasar Sin, masara a Meziko. Geron gida mafi tsufa da aka daɗe ana kafa hujja da shi an same shi ne a kwarin Tilemsi na Mali, mai shekara kimanin 4,500, dawa kuma a gabashin Sudan. A Sahara kiwon shanu ya riga noman hatsi, saɓanin yadda aka yi a Gabas ta Tsakiya, kuma wannan ya isa ya nuna cewa babu tsani ɗaya da kowace al'umma ta hau.

Mataki na shida: ka bi sawun mutane da kayansu

Ka ɗauki taswirar duniya da fensir, amma kafin ka ja kibiya ka gyara gaɓar teku. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, ruwa mai yawa ya daskare ya zama ƙanƙara a arewacin duniya, teku ta ja baya da wajen mita 120. Saberiya da Alaska a haɗe suke, haka Ingila da sauran Turai, haka ma Ostireliya da Niyu Gini. Yawancin masana suna ganin babbar bazuwar da ta cika duniya da mutane ta fita daga Afirka ne wajen shekara 60,000 zuwa 70,000 da suka wuce, ta Sina'i ko ta mashigin Babul Mandab, ta kai Ostireliya aƙalla shekara 50,000 da suka wuce, wadda ba a isa gare ta sai an ƙetare teku, ta kai Turai wajen 45,000. Nahiyar Amurka ita ce ta baya.

Kada kibiyar ta sa ka zaci ayari ne ya tashi da niyyar zuwa wata ƙasa. Idan kowace zuriya ta matsa kilomita 20 kawai don neman ruwa ko farauta, zuriya dubu ta ci kilomita 20,000. Kuma ba mutane kaɗai ke tafiya ba. Tumaki da awaki ba su da kakanni na daji a Afirka, daga Gabas ta Tsakiya suka shigo kimanin shekara 8,000 da suka wuce. A wurin da kake nazari, ka nemi duk abin da ba na wurin ba ne, kamar koren dutsen da mazauna Gobero na baya suka riƙa sassaƙa kan kibiya da shi, wanda daga nesa aka kawo shi, domin kowane irin wannan abu shaidar tafiya ce ko ta musaya.

Mataki na bakwai: yanki

Wannan gajere ne. Ka manta da iyakokin ƙasashen yau, ka haɗa wurare bisa abin da suka yi tarayya a kai cikin zamani ɗaya. Gobero da Dufuna suna ƙasashe biyu a yau, amma shekara dubu takwas da ɗoriya da suka wuce yankin masu ruwa da kamun kifi ɗaya ne. Haka ƙasar da ta lanƙwasa kamar jinjirin wata daga Falasɗinu ta Siriya da kudancin Turkiyya zuwa kogunan Dijla da Furat, yanki ce saboda alkama da sha'ir na daji da ruwan hunturu. Tumai ma a kwarin Chadi aka same shi, amma shekara miliyan bakwai ta raba shi da masu kwale-kwale, don haka ba ya shiga yankinsu.

Mataki na ƙarshe: ka rubuta, sannan ka fita fili

Ka raba takardarka gida uku: abin da aka tono, abin da aka auna, da abin da aka fassara. Mace da yara biyu a kabari ɗaya abin da aka tono ne, shekarunsu abin da aka auna ne, cewa uwa ce da 'ya'yanta kuwa fassara ce. Na ukun shi ne yake sauyawa idan sabuwar shaida ta fito, kuma a nan ne saɓanin masana yake, musamman kan dangantakar tsofaffin ƙasusuwan nan da juna. Ɗalibi zai iya tambayar yadda wannan yake da abin da addini ya karantar game da halittar Annabi Adamu (AS). Tambaya ce mai nauyi wadda bai kamata malami ya yi mata dariya ko ya tsawata a kanta ba, kuma wanda ya iya rarrabe gidajen nan uku zai kai ta gaban malamai yana sane da abin da yake tambaya a kai.

Daga nan sai ka gwada tambayoyin a kusa da gida. Ka je wani kufai ko gindin dutse bayan ruwan farko, lokacin da zaizaya take fito da tsingaro da dutsen niƙa da gatarin aradu, wanda a gaskiya gatarin dutse ne da mutanen da suka goge da hannu. Masu kusa da Birnin Kudu a jihar Jigawa suna da zanen shanu a jikin duwatsu. Idan ka ga wani abu, ka ajiye biro a gefensa domin a gane girmansa, ka ɗauki hoto, ka rubuta matsayin wurin daga wayarka, da irin ƙasar, da nisansa daga ruwa. Kada ka tona, kada ka ɗauka, domin gumakan yumɓu na Nok masu yawa da aka haƙe a ɓoye aka sayar sun rasa mafi yawan bayaninsu tun ranar da aka raba su da ƙasar da suke ciki. Ka sanar da mai unguwa ko dagaci, sannan ka kai hoton da bayanin gidan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano, ko na Jos, ko gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, ko kuma sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.